Mangalar kare: nawa Duna zai iya ɗauka in za mu hau Kufena?

Abban Walid: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, na kuma san wasu za su yi dariya, to ku yi abinku amma ku ba ni amsa. Ina da kare Alsheshan, sunansa Duna, shekararsa biyu da rabi, shi ke gadin gonata ta hanyar Shika. Tun bara nake fita da shi ran Asabar ni da abokaina uku, wata rana mu hau dutsen Kufena na nan Zariya, wata rana mu bi gefen kogin Kubanni a ƙasa. Matsalar ita ce ruwa. Abin da Duna ke sha ya fi na mutum biyu, kuma ni ne jakinsa. Sai na ga jakar nan da Turawa ke ɗaura wa karnuka a baya, mai aljihu dama da hagu, na yi odarta ta intanet. Makon jiya na ɗaura masa, na zuba ruwan leda takwas a gefe guda, ɗaya gefen kuma abincinsa da kwanonsa. Ko rabin dutsen ba mu kai ba jakar ta karkace ta koma ƙarƙashin cikinsa, ya zauna ya ce bai san zancen tashi ba. Da muka dawo na duba, hammatarsa ta dama ta saɓule, wurin ya yi ja. Jakar ce ba ta da kyau, ko ni ne ban iya ba, ko kuwa dai ba a yi kare don kaya ba?

Ɗan Kano a Samaru: Zage-zagi ba ku da dama. Jakai sun yi tsada shi ne kuka koma wa karnuka? Saura mu ji an ɗaura wa kyanwa amalanke.

Abban Walid: Kai dai bari, Bakano. Da ku ne da tuni kun sa masa tallan goro.

Mai Jakai: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ban san kare ba amma na san mangala, shekara goma sha biyar na yi ina ɗiban yashi da jakai kafin in kama wata sana'a. Abin da ka saya mangala ce, ko me Bature ya kira ta. Kuma dokar mangala ɗaya ce: abin da ke dama shi ke hagu. In gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya ko da kaɗan ne, tafiya za ta yi ta janta har ta zame, igiyar ciki kuma ta yi ta gurzar fata. Mu in muka ga ta karkata, dutse muke ɗauka a hanya mu jefa a gefen da bai kai ba. Ledar ruwa takwas a gefe ɗaya, kwano a gefe ɗaya? Ko jakin da ya shekara goma yana aiki sai ya yi miki. Sannan ba a ɗora mangala a kan tsurar baya, sai an shimfiɗa akumari.

Dakta Bilki: Mai Jakai ya gama rabin aikina, Allah ya saka. Bari in ɗora.

Yaya Abban Walid, ledar ruwa ɗaya rabin lita ce, wato rabin kilo. Takwas kilo 4 ke nan a gefe guda, ɗaya gefen da ƙyar ya kai kilo 1. Ba nauyin ne ya yi masa yawa sosai ba, rashin daidaito ne, da kuma ɗora masa kaya tashi ɗaya bai taɓa sabawa ba.

Abin da likitocin dabbobi da masu ƙera jakunkunan suka fi faɗa shi ne kada kayan ya wuce kashi 25 cikin 100 na nauyin karen, kuma wannan iyaka ce ta ƙarshe, ta karen da ya girma, lafiyarsa ƙalau, ya kuma daɗe yana atisaye. Ga yawancin karnuka kashi 10 zuwa 15 ya isa. Namijin Alsheshan yakan kai kilo 30 zuwa 40. Mu ce Duna kilo 36 ne: kashi 10 kilo 3.6 ke nan, kashi 25 kuma kilo 9. A lissafin har da nauyin jakar kanta. Ni dai a Zariya ba zan ba kowa shawarar ya doshi kilo 9 ɗin nan ba, zan faɗi dalili in na dawo daga sallah.

Amma fara auna shi tukun, kada ka yi kirdado. Ka hau sikelin gida kai kaɗai, ka sake hawa ɗauke da shi, ka cire. In ya fi ƙarfinka ka kai shi asibitin dabbobi na ABU a nan Samaru, dama ya kamata a duba ƙugunsa.

Ɗan Kano a Samaru: Ko ya kai shi wurin 'yan hatsi a kasuwar Sabon Gari su ɗora a sikelinsu.

Maman Ihsan: Ranar ce za a raba shi da kasuwa da gudu.

Baba Na-Dawa: Ni tsoho ne, yarona ke danna mini wayar. Na yi farauta tun ina bin ubana da gora a kafaɗa, na riƙe karnuka sun fi a ƙirga, ban taɓa ɗora wa ko ɗaya kaya ba, ban kuma ga wanda ya ɗora ba. Kare ba jaki ba ne, ɗana. Dubi bayan jaki, a miƙe yake kamar azara. Dubi na kare, lanƙwasawa yake yana miƙewa in yana gudu, da shi yake tsalle, da shi yake juyawa. Ƙarfin kare a hancinsa da ƙafarsa yake. Mu mukan ɗauki ruwansa mu, mu zuba masa a ƙoƙo, don mun san ranar da ya gaji ranar mun dawo hannu rabbana. Kai da kake da ƙafa biyu da hannu biyu ka kasa ɗaukar ruwan dabbar da ke kwana a waje tana tsare maka dukiya?

Abban Walid: Baba, wallahi maganarka ta shige ni. Amma ba ƙyuya ba ce. Hawan Kufena da lita shida a baya, ga igiyar kare a hannu, sau biyu ina kusan zamewa.

Dakta Bilki: Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa kan bayan kare gaskiya ne, kuma shi ya sa jakar kirki ba a tsakiyar baya take zama ba. Kare na ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba. Don haka kayan a kan kafaɗa ya kamata ya zauna, daga bayan wuya kaɗan zuwa inda haƙarƙari ke tallafe da shi. In aljihun ya kai kwankwaso, inda babu haƙarƙari, to ƙashin baya kaɗai ke ɗauka, nan ne ake yi masa illa. Manyan karnuka irin su Alsheshan da Rotwaila da Bobul kuwa dama an san su da larurar ƙugu, wadda kan ƙashin cinya ba ya zama daram a gurbinsa. Kare mai wannan ko kilo ɗaya ba a ɗora masa.

Inda zan ɗan saɓa da kai, Baba, da neman afuwa: karnukanku na farauta sirara ne, da wuya su wuce kilo 20, kuma gudu ake so su yi. Duna ya kusa ninka su, tafiya kawai zai yi a gefen ubangidansa. Kuma mutane sun daɗe suna sa karnuka ɗaukar kaya. Mutanen asali na filayen Amurka ta Arewa, kafin doki ya iso musu, karnuka ke ja musu kaya a kan sanduna biyu in za su yi ƙaura. A yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, akwai karnukan da ake ɗaura wa jakar magani da ruwa su nemo sojojin da aka raunata.

Baba Na-Dawa: Can ƙasar sanyi ce, 'yata. A kawo su nan a watan bazara mu gani.

Dakta Bilki: To Baba ka riga ni, dama nan na ce zan dawo. Wannan ita ce maganar da ta fi ta kilo muhimmanci.

Duk lissafin da kuke karantawa a intanet, mutanen da ke yawo a dazukan Amurka da Turai ne suka rubuta shi. Kare ba ya zufa kamar mu, sai ɗan abin da ke fita ta tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne da ɗan ɗoriya, in ya haura 41 ana maganar rai da mutuwa. Yanzu ka ɗauki baƙin kare mai gashi ninki biyu, ka lulluɓe bayansa da leda mai kauri, ka ɗaure ƙirjin da yake buƙatar ya buɗe don haki, ka ƙara masa aiki, sannan ka hau da shi fallen dutsen da ya sha rana. A watan Maris da Afrilu Zariya na taɓa digiri 40. A wannan lokacin ko ba jaka ban yarda a hau da shi ba in rana ta ɗaga.

Lokacin jaka shi ne hunturu, Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, a fita bayan sallar asuba, ƙarfe tara ko goma an sauko. Ka riƙa ɗora bayan hannunka a kan dutsen. In ba za ka iya barinsa na daƙiƙa biyar zuwa bakwai ba, to dagin Duna ƙonewa yake, shi dai ba zai faɗa maka ba.

Alamun da za ka gani ka kwance jakar nan take: harshe ya zazzago ya yi faɗi, yawu ya yi kauri yana dalala, dasashi ya yi ja jawur, yana neman inuwa yana kwanciya, ko yana tangaɗi. Ka kai shi inuwa, ka kwara masa ruwa mai sanyi a ciki da matsematsi da wuya, ka yi masa fifita, ka ba shi ya sha kaɗan-kaɗan, sannan asibiti, ko da ka ga ya ware. Da ya zauna maka a rabin dutse ran nan, ba taurin kai ba ne.

Malam Ƙofar Doka: Ina bin zancen tun ɗazu. Tambaya ɗaya ga Abban Walid: ruwan da ke cikin jakar, nasa ne kaɗai ko har da naku?

Abban Walid: Allah ya gafarta Malam, gaskiya har da namu na sa.

Abu Sumayya: Subhanallah. Ruwan da mutum zai sha, wataƙila ma ya yi alwala da shi, a jikin kare? Ni tun farko abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Wannan ɗabi'ar Turawa ce ta mayar da kare abokin yawo. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya riƙe kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum.

Malam Ƙofar Doka: Hadisin ya inganta, ɗan'uwa, amma ka koma saƙonsa na farko: karen gona ne, yana cikin waɗanda aka yi wa izini. Kuma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, kare mai rai jikinsa ba najasa ba ne. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki umarni ne da ake bi don bauta. Shafi'iyya da Hambaliyya su ne ke ganin najasa ne, saɓanin kuma tsoho ne, ba a nan za mu kashe shi ba. Ruwan da ke rufe a leda ko gora, bakinsa bai taɓa ba, babu abin da ya same shi. Na yi tambayar ce don wani dalili daban. In ya ɗauki nasa, to, an rage wa juna wahala. In kuma an mayar da shi ɗan dakon mutum huɗu, wannan ɗora wa dabba abin da ba aikinta ba ne, kuma za a tambaye mu. Mun san labarin mutumin da aka gafarta masa don ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare.

Abu Sumayya: Na ji, Malam. Amma ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ba zan sha ruwan ba.

Malam Ƙofar Doka: Ba wanda ya ce dole ka sha.

Maman Ihsan: Ni ta wani gefen zan shigo. Mu mazauna Wusasa mu ke ganin masu hawan Kufena. Don Allah duk mai zuwa da babban kare ya riƙe shi da igiya. Akwai gonakin mutane a gindin dutsen, akwai awaki, akwai yara masu kiwo. Yaron da bai taɓa ganin kare mai girman ɗan maraƙi ba, ga shi da jaka a baya kamar na 'yan sanda, in ya zura a guje a kan dutse ya faɗi wa zai biya? Kuma a tabbata an yi masa allurar haukan kare, a riƙe takardar. Ranar da ya yagi wani ita za a fara tambaya.

Abban Walid: Hajiya, allurarsa ba ta wuce ba, duk shekara nake yi masa. Igiya kuma ba na sakinsa sai mun kai sama babu kowa.

Baba Na-Dawa: Saman ma kada ka sake shi da kaya a baya. Zai hango gafiya ko damo ya kutsa tsagin dutse, ya san faɗin jikinsa amma bai san faɗin mangalar ba, sai ya maƙale. Ko reshe ya kama igiyar ya shaƙe shi kana can kana kira. Kuma kogon dutse gidan kububuwa ne da gamsheƙa. In kun sauko ka bi tsakanin yatsunsa da kunnuwansa, ƙarangiya da kaska can suke ɓuya. Yanzu kuma ga sabon maɓoya ka ƙara musu, ƙarƙashin igiyoyin nan.

Salim Zangon Shanu: Abin ya burge ni fa. Ina da Bobul ɗan wata takwas, ya riga ya fi kilo 40. Wace saiz zan saya masa?

Dakta Bilki: Ƙanina, babu saiz ɗinsa. Girman jiki ya ruɗe ka, ɗan kwikwiyo ne. A ƙarshen dogayen ƙasusuwansa akwai guringuntsin da ƙashi ke tsawo ta wurinsa, a manyan karnuka ba ya gama rufewa sai wajen wata 18, irin su Bobul har zuwa shekara biyu. Ka ɗora masa kaya yanzu, ka saya masa ɗingishin da za ka yi ta jinya. Ko doguwar tafiya ma ka rage. Sannan ku duka biyun, kada ku cika musu ciki da abinci dab da fita ko da dawowa suna haki. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu na iya kumbura ya murɗe, kuma cikin 'yan sa'o'i yake kisa.

Salim Zangon Shanu: Ikon Allah. Na gode Anti, na fasa.

Usta Tela: Abban Walid, turo hoton jakar in gani.

Abban Walid: Na tura.

Usta Tela: Na gani. Igiyar ciki ɗaya ce tak, kuma siririya, ba soso, ta ƙirjin kuma a gicciye ta wuce ta kan kafaɗa. Dole ta ci hammata. Na taɓa gyara wa wani malamin jami'a irin ta kamfanin Ruffwear, zif ne ya mutu, na zauna na ƙare mata kallo. Tasu ta ƙirjin a rabe take biyu kamar gwafa, ta sauko ta bi tsakanin ƙafafun gaba, ta ciki kuma biyu ce, duk da laushi a ciki, ga mariƙi a sama da za ka ɗaga karen in ya zo hawa mai wuya. Da kuɗin dala yanzu ba kowa zai iya ba, amma ba wani sihiri a ciki. Kawo taka in warware. Zan samo igiya mai faɗi daga jakunkunan gwanjo, in naɗe da soso da yadi mai laushi, in ja ta ciki baya ta bar hammata da kamar yatsu uku, in ƙara ta biyu. Cikin kuma in cire ledar in sa raga don iska. Da fara ce ko ruwan ƙasa da ya fi, baƙa ka sayo wa baƙin kare.

Mai Jakai: Usta, ka bar wurin saki da ɗaurewa. Ɗaurin da ya yi daidai shi ne ka zura yatsu biyu a ƙarƙashi su shiga, na uku ya ƙi. Kuma bayan tafiya kaɗan a tsaya a sake ja, kaya na zama. Ruwan leda kuma a bar shi, lilo yake yi, ƙaya ɗaya ta fasa shi. Gora biyu iri ɗaya, ɗaya nan ɗaya can, in za a ba shi a tsiyaya rabi daga wannan rabi daga waccan.

Dakta Bilki: Sai dai kafin komai hammatar ta warke sarai, gashi ya fara fitowa. A wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, a hana shi lasa, in ta fara ruwa ko wari a kawo shi. Bayan nan mako guda yana yawo da jakar babu komai a ciki, a cikin gona. Mako na biyu rabin lita kowane gefe. A riƙa ƙarawa a hankali har lita ɗaya da rabi kowane gefe, da jakar ya kama wajen kilo 3 da rabi. A nan zan tsaya in ni ce. Kare mai nauyinsa na shan wajen lita biyu a yini ko yana kwance, in yana aiki kuwa ya fi haka nesa, don haka ba wai ka huta da ɗaukar ruwa gaba ɗaya ba ne, Yaya. Daɗin abin dai kayansa na raguwa yayin da yake gajiya.

Baba Na-Dawa: Ni dai ban canza ba. Amma tunda nasa kawai zai ɗauka, kuma da sanyin safiya, na yi shiru.

Abban Walid: Jama'a, na dawo da labari bayan mako shida. An auna Duna, kilo 34 ne ba 36 ba, an kuma ce ƙugunsa lafiya. Usta ya gyara jakar, ya ƙi karɓar kuɗin aiki sai na kaya, Allah ya saka masa. Jiya muka hau Kufena, ƙarfe shida da kwata muna gindin dutse, hazo ya rufe ko ina har ba a hango cikin gari. Lita ɗaya dama, lita ɗaya hagu, ban kai ɗaya da rabin ba tukun. Sau uku na tsaya na duba hammata, ba ja ba komai. A wurin hawa mai santsi na ɗaga shi da mariƙin, nan na san amfaninsa. Da muka kai sama na kwance masa ita gaba ɗaya kamar yadda Baba ya ce. Abu ɗaya ne: tun da aka ɗaura masa ya daina fizgar igiya, tafiya yake a natse kamar an ba shi muƙami, ban san dalili ba.

Ɗan Kano a Samaru: Ya zama ma'aikacin gwamnati ke nan. Ka shirya, ƙarshen wata zai nemi albashi.

Mai Jakai: Gefen hagu fa, ba ta zame ba?

Abban Walid: Ta ɗan karkata a saukowa, na manta na ba shi ruwa daga gora ɗaya. Na tuna maganarka na jefa ɗan dutse a ciki. Usta, ƙarfen igiyar baya yana ɗan sassautawa da kansa, zan biyo da ita shago ran Talata bayan la'asar.

Usta Tela: Kawo jakar kawai. Duna ya zauna a gida, maƙwabtana ba su gama yafe mini na wancan karon ba.